Ranar da Aka Cire wa Mama Roba

Mahaifiyarmu ta yi shekara talatin da ɗaya tana shugabar makarantar firamare, kuma ko bayan ta yi ritaya ba wanda ya daina kiran ta Malama Babba, har Babanmu da yake auren ta. Wata ranar Talata ta hau kujera za ta sauke labulen falo, wai wankin da na yi masa bai fita ba. Kujerar ta goce, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata tiyata aka sa ƙarfe. Da yake ba ta iya tashi, sai aka sa mata robar fitsari, wata siririyar roba da ke shiga har mafitsara, ta fito ta zuba a jakar leda da aka rataye a gefen gado.

Ni ce auta, don haka ni ke jinya. Yayanmu yana zuwa da yamma in ya rufe garejinsa, da baƙin mai a farce. Baba kuwa tsohon tela ne mai ƙarancin magana, kullum ƙarfe goma yana zaune a gefen gadon, jarida a cinya, shafi ɗaya yake kallo har a tashi masu dubiya.

Mama ta tsani jakar nan. "Auta, rufe min jakar hannuna, ga baƙi nan tafe," haka take cewa, ni kuma in ja mayafi in lulluɓe.

A rana ta tara da safe na ga abin da ke cikin jakar ya yi gurɓi-gurɓi, ga wari. Jikin Mama ya ɗauki zafi, haƙoranta na haɗuwa. Na ruga na kira nas ɗin da ke aiki, wata gajeriya mai fara'a da kowa ke kira Sista. Tana zuwa Mama ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Ke, ajinku nawa? Ina ɗankwalin makaranta?"

Sista ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ni ma haka na ɗauka, sai da Mama ta juyo ta ce da ni, "Monita, rubuta sunanta."

Ana cikin haka likitoci suka shigo zagaye, su biyar, babban likita a gaba, dogo mai furfura wanda ko nas-nas ba sa haɗa ido da shi. Mama ta tafa hannu sau biyu, irin tafin da ke tsayar da yara ɗari shida cak.

"Ku yi layi! Gajeru a gaba. Ku miƙo hannu in ga farce."

Wallahi sai da uku daga cikinsu suka miƙa kafin su tuna su wane ne. Babban likita ya matso zai taɓa goshinta, ta kauce.

"Ka wanke hannu? Daga wancan gadon kake, ina kallon ka."

Ya dubi hannunsa, ya juya ya nufi famfo, sauran huɗun suka bi bayansa a jere. Na cusa mayafi a baki, hawaye na zuba, ni kaina ban san na dariya ba ne ko na tsoro.

Da ya dawo ya ɗaga jakar ya duba, ya tambayi ranar da aka sa robar. Aka yi ta buɗa takardu. Ba wanda ya rubuta. Masu aikin safe sun ɗauka na rana za su cire, na rana sun ɗauka akwai dalilin barin ta. Ni ce na ce kwana tara. Bai ɗaga murya ba, amma ƙananan likitocin duk sun koma kallon takalmansu.

Ya ja ni gefe ya ce, "Kada ki tsorata, mahaifiyarki ba haukacewa ta yi ba. Ƙwayoyin cuta ne suka bi robar suka hau mafitsara. Duk kwanan da roba ta ƙara, hanya take ƙara buɗe musu. Kuma a jikin tsofaffi, wannan ciwon yakan rikita tunani. In muka kashe su, za ta dawo."

Aka cire tsohuwar robar aka sa sabuwa, don har lokacin ba ta iya ko zama. Aka ɗebi fitsari aka kai ɗakin gwaji, aka fara mata allura.

Kwana biyu allurar ba ta yi komai ba. Zazzaɓi na nan, makaranta kuma na ci gaba. Ta naɗa mai shara shugabar ɗalibai. Ta ce da Yaya ya je ya zo da mahaifinsa, don ba za ta lamunci ƙazanta ba. Matar da ke gado na kusa, wadda aka yi wa aikin gwiwa, ta roƙi Sista kada a canza mata gado, wai tun da aka kwantar da ita ba ta ji daɗin asibiti irin na kwanakin nan ba.

A rana ta biyun ne Mama ta yafito ni. Ta kama kunnena, ta yi abin da ta ɗauka raɗa ce, alhali har bakin ƙofa ana ji.

"Monita, wane ne wancan mai jaridar? Sabon malami ne?"

Na ce, "Eh, Malama."

"Kai, yana da kyau. Dubi zamansa, ga natsuwa. Ki bincika min ko yana da aure."

Shekara arba'in da huɗu da aurensu. Baba ya sauke jaridar a hankali, ya gyara wuyan riga. Ban taɓa ganin haƙoransa duka ba sai ran nan.

"Ki gaya wa Malama," ya ce, "ina da mata, amma ba ta taɓa faɗa min haka ba."

Yaya ya fita da gudu ya je ya dafa bangon baranda yana ƙyaƙyatawa. Da na bi shi sai na tarar dariyar ta koma kuka. Muka tsaya muna share ido da bayan hannu, ya ce, "Auta, in ba ta dawo ba fa?" Sai na ce masa ya je ya wanke farcensa kafin a sake kama shi. Muka sake fashewa.

Washegari babban likita ya zo da wata mata mai tabarau daga ɗakin gwaji. Ta nuna mana hoto a wayarta: wani ɗan faranti zagayayye da aka shuka ƙwayoyin cutar Mama a kai, an jera ƙananan fararen takardu guda takwas, kowace da maganinta. Ƙwayoyin sun tsiro sun mamaye bakwai har gindinsu, ko gezau. Ta takwas ce kaɗai ke da fili fes a kewayenta.

"Waɗannan bakwai ɗin sun saba da su, kamar ruwa suke sha," in ji matar. "Har da wanda ake yi mata yanzu. Wannan ɗin ne kawai yake kashe su."

Yaya ya leƙa ya ce, "Wato duk sifanar da aka gwada ta ƙi kama notin, sai guda ɗaya."

"Ka gane ke nan," ta ce.

Likita ya tambaya ko Mama takan sha maganin kashe ƙwayoyin cuta a gida ba tare da likita ya rubuta ba. Ni da Yaya da Baba muka dubi juna, muka ce a tare, "Gwangwanin biskit."

Gwangwani ne babba a saman firij, cike da ragowar kafso, ja da rawaya, fari da kore. Mura, kafso biyu. Ciwon haƙori, kafso biyu. Da ta ji sauƙi sai ta daina ta adana sauran, wai ɓarna ba kyau. Har maƙwabta suna aikowa a sam musu. Likita ya dafe goshi, amma ya yi adalci. Ya ce shan magani rabi-rabi yana koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, sai dai asibiti ma yana da nasa ƙangararrun, kuma robar da aka manta laifinsu ne, ba na gwangwani ba. Duk da haka ya ce a kawo shi. Baba ya kawo shi da rana a rungume, ya miƙa wa Sista yana waige-waige kamar wanda ya yi sata.

Aka mayar da Mama ɗaki ita kaɗai don kada ƙwayoyin su haura wasu gadaje. Duk mai shiga sai ya wanke hannu, ya sa safar hannu da rigar leda. Ta Yaya ba ta taɓa ɗauruwa ba saboda tumbi, kullum igiyar na reto a bayansa. Sabon maganin ta jijiya ake ba ta, sau uku a rana, ni kuma in zauna ina ƙirga ɗigon kamar in na ɗauke ido zai fasa aiki.

A safiya ta uku na taɓa goshinta na ji sanyi. Ta buɗe ido ta dube ni, ta dubi Baba.

"Auta, me ya sa Babanki ya sa rigar leda kamar mai fawa?"

Auta ta ce. Ba monita ba. Na daka tsalle har na ture sandar ƙarin ruwa, Sista ta tare ta da ƙafa tana guɗa. Na kira Yaya, ya zo da sifana a hannu, bai ma san yana riƙe da ita ba. Shi ya kwashe labarin sabon malami ya gaya mata kaf.

"Ƙarya kuke yi," in ji Mama. "Ni? A gaban mutane?"

"Ina da shaidu goma sha ɗaya," in ji Baba. "Har da mai shara."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, muna ganin kafaɗunta na rawa.

Bayan kwana huɗu, ta fara takawa da ƙarfen dogarawa, babban likita ya ce a raba ta da robar. Sista ta cire ta ƙarfe tara daidai, ta rubuta lokacin a allo da manyan baƙaƙe, ta kafa sharaɗi.

"Malama, awa shida. In ba ki yi da kanki ba zuwa ƙarfe uku, dole mu mayar da wata. Mafitsara ta yi hutun kusan sati uku, wani lokaci takan manta aikinta."

"Ba wani abu nawa da yake manta aikinsa," in ji Mama.

Ta sha ruwa kofi biyu, ta sha shayi. Ƙarfe sha ɗaya, shiru. Aka kawo mata fo ta ce a fitar mata da shi, ita ba jaririya ba ce. Ƙarfe ɗaya muka taka da ita zuwa banɗaki, ta zauna minti goma, shiru. Labari ya zaga ɓangaren gaba ɗaya. Mai shara ta leƙo sau uku. Matar mai gwiwa ta aiko a tambaya. Ƙanwar Mama tana bugo waya duk rabin awa, ba sallama, sai dai, "Ta yi?"

Biyu da rabi muka sake kai ta. Wannan karon kowa ya kawo dabararsa. Yaya ya buɗe famfon ɗakin har ƙarshe. Ni ina tsiyaya ruwa daga jug zuwa kofi, daga kofi zuwa jug, daga can sama. Baba ya matsa bakin ƙofar banɗakin, ya tsuke leɓe yana "ssss, ssss," irin wanda ake yi wa yaron da ake koya wa fo.

"Malam," muryar Mama ta fito daga ciki, "kai ne kake yi min wannan?"

"Haka na yi wa yaran nan duka, kuma ya yi aiki."

"Ku fita! Dukanku! Ku rufe famfon nan, ana ɓarnar ruwa!"

Muka fita baranda muka jeru a bango. Sista na tsaye da sabuwar roba a cikin ledarta, tana duba agogo. Uku saura minti goma sha biyu. Yaya ya manna kunne a ƙofa, ya ɗaga yatsa ɗaya. Sai muka ji dariyar Mama, irin mai ƙarfin nan da ba ta iya tsayarwa, a ƙarƙashin dariyar kuma wani sauti da ban taɓa zaton zan yi murnar ji ba.

Yaya ya sure ni sama kamar taya. Sista ta shiga ta auna fitsarin, ta fito tana ɗaga robar da ba a buɗe ba. "Ya isa har ya yi yawa!" Baba ya bi barandar yana gaisawa da kowa hannu biyu, har da wani mai tura tukunyar iskar numfashi da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ma ya ce, "Barka, barka, namiji ne ko mace?"

Aka sake gwaji, ƙwayoyin sun tafi, aka sallame mu ranar Asabar. Daga asibiti zuwa gida tafiyar minti ashirin ce, amma awa ɗaya da kwata muka yi. Muna wuce gidan mai na farko Mama ta ce Yaya ya tsaya. Na fito da ƙarfen dogarawa, na raka ta banɗaki, muka dawo. Ba mu yi nisa ba ta hango wani gidan man, ta sake taɓa kafaɗarsa.

"Mama, yanzu fa kika yi," in ji Yaya.

"Na sani," ta ce, tana laluben takalminta da ƙafa. "Ba matsuwa na yi ba. So nake in ga ko nasu ya fi tsabta. Tsaya."