Tsohuwar Finland da 'Yata Zakia

Ni na haifi Zakia, a nan unguwar Sabonjida ta Tamale, kowa ya sani. Amma tun da ta tafi aikin nas a Finland na koma mai gadin waya. Duk shekara in ce ta zo gida, ta ce aiki ya yi yawa. Bana na kafe a kan Babbar Sallah.

Sai ga hoto ta turo. Tana tsaye cikin daji da bokiti a hannu, gefenta wata tsohuwar Baturiya cikin baƙin kaya daga kai har ƙafa, ko gashi ɗaya bai leƙo ba, ga abu kamar carbi a yatsunta. Na ɗauki waya na zaga gidaje har unguwar Dabokpa, ina cewa 'yata ta samu babbar malama a Turai. Maƙwabciyata Ashetu mai tubani ce ta kai hoton kusa da hancinta.

"Yaya Latifatu, malamar taki gicciye ne a bayanta."

"Sandar shanya ce."

"Sandar shanya da ruwan zinariya?"

Na dawo gida na kira Zakia.

"Mma, ai ban ce malama ba ce. Gidan sistoci ne, matan Kirista da suka bar aure suka zauna ibada. Kyandir suke yi da kakin zuma. Da can gidansu yana wajen Rasha, yaƙi ya koro su. Maza ma suna da nasu ba nisa. Mutane na zuwa taya su aiki, su kuma su ba da ɗaki da abinci. Sallata nake yi, ba mai hana ni."

Sallar ba ta dame ni ba, na san wadda na haifa. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. A asibiti Zakia ta yi jinyar tsohuwar, suka saba. Man kaɗen da na aika mata, a gwiwar matar yake ƙarewa, ni kuwa tawa gwiwar tana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Wai "Uwa" take kiranta, don kowa a gidan haka yake cewa. Kuma hutun bana can za ta yi, tsinkar 'ya'yan itace.

A garinmu wanda ya riƙe maka ɗa sai ka gaishe shi, ko ba ka son ganinsa. Na ce a haɗa mu ta bidiyo. Na ari sarƙar Ashetu, na ɗaura ɗankwalin da na je Makka da shi, na ɗaga goro gaban waya yadda ake yi wa babba. Tsohuwar ta duba, ita ma ta ɗago baƙin burodi. Zakia na tsakani tana fassara.

"Tambaye ta maigida."

"Mma, babu."

"Yara fa?"

"Babu, na gaya miki."

"Tambaye ta dai, ina so in ji daga bakinta."

Tsohuwar ta ce babu, tana murmushi. Na gyara zama, na fara lissafa mata jikoki da sunayensu. Ban kai rabi ba ta tambaye ni yaushe rabona da ganin Zakia. Zakia ta tsaya inda-inda kafin ta fassara. Na ce tun haƙorana suna cike, na buɗe baki na nuna mata. Tsohuwar ta juya ta kalli yarinyar, ta faɗi wata 'yar magana a hankali. Zakia ta sunkuyar da kai.

Ana saura kwanaki Sallah sai ga Zakia ta sauka Tamale. Ga ta can yanzu tana barci a kan gadona, ta cinye mini wasawasa. Mata suna ta shigowa barka, ina amsawa da rabin baki. Ni shekaru ina roƙo, har kuka na yi mata a waya, wani na gaske wani na ƙarya. Waccan da ko goyo ba ta taɓa yi ba, magana ɗaya ta yi.

Ashetu ta ce in kira matar in yi godiya. Na ce zan kira, ranar da Zakia ta gaya mini abin da tsohuwar ta ce mata. Har yau ta ƙi.