Ranar da Aka Tuɓe Eusebio

Tun Eusebio Funes yana saurayi aka rufe masana'antar tace yuraniyom da ke bayan garinsu, a kudancin lardin Mendoza. Aka rushe gine-ginen, aka binne tarkacen, aka jibge duwatsu a kai. Duk da haka hukuma ba ta saki jiki ba. Lokaci-lokaci akan sa Eusebio ya kafa injin haƙarsa a kewayen wurin, ya zura bututu can ƙasa ya zaro abin da ke ciki. Matarsa Griselda ce ke karɓa a rumfar tamfol, ta bi ƙasar da na'urar auna tururin nukiliya. In ƙasar lafiya take, na'urar ta riƙa ƙas, ƙas, jefi-jefi. In akwai sauran guba, sai ta ɓarke kamar gugguru a tukunya.

Haka suke shekara da shekaru, shi ya haƙo ita ta auna, har aka turo musu Lisandro daga Córdoba, matashin injiniya mai dogon gashi da saurin dariya.

Ba wani abin a zo a gani Eusebio ya kama ba. Griselda ce kawai ta fara surutu. Matar da kan wuni ba ta ce uffan ba, yanzu daga kan injin yana hango hannuwanta suna ta bayani, Lisandro ya sunkuyo kan taswira, kawunansu kamar su haɗu. Ƙarar injin ba ta barinsa ya ji abin da ake cewa, sai ya riƙa ƙaro sauran da kansa. Lokacin hutu kuwa, in ta haɗa shayin mate, baƙon ake fara miƙa wa ƙoƙon. Kafin ya iso hannun Eusebio ganyen ya salance.

"Wai me kuke ta ƙusƙus da mai gashin nan?" ya tambaye ta wata Lahadi, suna cin gasasshen ɗan akuya.

"Aiki."

"Aikin ne ke sa ki dariya har da riƙe ciki?"

"Tsoho, ci namanka kafin ya sandare. Yaron nan ko ƙanena ya girme shi."

"Ban tambaye ki shekarunsa ba."

Da aka zo haƙa kusa da tsohon magudanar ruwan masana'antar, Lisandro ya same shi a gindin injin, ya kira shi da laƙabin girmamawa irin na can. "Don Eusebio, ramin nan ban yarda da shi ba. Duk abin da ka zaro ka toshe bakin bututun ka ajiye, mu za mu zo mu ɗauka."

Wannan "mu" ɗin ce ta tsaya masa a wuya. Can iska ta taso daga kan duwatsu, sai ya ga an sauke labulen rumfar an ɗaure. Ya duba, ya sake dubawa, rumfa shiru. Bututun na fitowa bai bi ta kan toshewa ba, ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi rumfar da sassarfa. Daf da ƙofa igiyar tamfol ta harɗe shi. Ya faɗa ciki da labulen, taɓon cikin bututun, ruwan ɗorawa, ya kwararo masa daga fuska har cikin riga.

Na'urar ta ɓarke. Griselda tana zaune ita kaɗai a tebur. Lisandro kuwa yana can ɗaya ƙarshen, ya rungume dirka da hannu biyu kada iska ta tafi da rumfar.

"Kada ka motsa, kada ka lashi leɓe," in ji Griselda.

A bayan tankin ruwa aka tuɓe shi daga shi sai gajeren wando, aka ƙunshe kayansa a leda. Griselda ta dirje shi da sabulu da ruwan sanyi, Lisandro yana binsa da na'urar daga kai har tafin ƙafa, yana ta "yi haƙuri, Don Eusebio, ɗaga hannu." Ko'ina ya yi shiru ban da gashin bakinsa. Aka wanke, aka sake wankewa, na'urar ta ƙi yin shiru. Griselda ta ɗauko reza ta kwashe shi tas. Tun kafin aurensu yake kiwon gashin bakin nan.

Likita ya ce abin bai shiga jikinsa ba. Ramin kuwa ya tabbata akwai guba, aka killace wurin za a kwashe ƙasar.

A hanyar dawowa daga asibiti ne Griselda ta gaya masa abin da suke ta ƙusƙus a kai. Akwai kwas na wata shida a Bariloche, ta daɗe tana son zuwa, Lisandro ne ya matsa mata ta nema, kuma an ɗauke ta.

"Shi kika iya gaya wa kina so, ni ba ki iya ba?"

"Shi ya tambaye ni, Tsoho."

Wannan ta fi masa zafi a kan abin da ya yi zargi. Bai hana ta ba, shi ne ma ya kai ta tasha. Ya zauna aikin kwashe ƙasar tare da Lisandro, wanda bai taɓa tayar da maganar ranar ba, abin da ya ƙara ba Eusebio haushi. Griselda kan bugo waya duk yamma, su yi hirar gida da ta sanyin Bariloche. In ta ce a ba ta Lisandro ta ji sakamakon ramukan, yakan miƙa masa wayar, amma ba ya matsawa daga wurin.