Kofin da ya ƙi shan giris

"Ƙara matsawa," in ji Baba Farfela, tsohon makanikena, ta taga. "Hannu ne da kai ko tsumma?"

Ina kwance ƙarƙashin babbar motata a ƙofar gidansa, famfon giris a ƙirjina. Shi yana kan gado tun da ciwo ya kayar da shi. 'Yarsa ta hana shi fita, sai ya sa aka jawo gadon jikin taga, ya aiko mini in kawo motar. Wai ya ji kukanta da na wuce, kuma ba zai bar duniya kuros ɗinsa na kuka ba.

Nasa ne kuwa. Kuros shi ne gaɓa mai kofuna huɗu da ke juya farfela, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. Na yanzu a rufe suke zuwa, in sun bushe a yar. Shi kuwa hudawa yake yi, ya ɗaura ɗan bakin da za a riƙa ɗura giris. Tun muna da baƙin gashi haka yake mini, ina riƙe masa ƙarfe, yana zagina.

"Kofi nawa suka fitar da giris?" in ji shi.

"Uku. Baƙin ya fita, sabo ya biyo."

"Na huɗun fa?"

"Ya ƙi. Uku ma ai sun isa, Baba."

"Shi ya sa kuke mutuwa a hanya, ku direbobi. Wanda ya ƙi sha shi ke cin wuta." Ya yi tari mai tsawo. "Sa ƙarfe ka ɗaga farfelar ta wancan gefen. Ka ɗan ƙwanƙwasa. A hankali, ba sirikinka ba ne."

Na ji 'yar tana cewa, "Baba, ka kurɓi ruwa mana."

"Bari ya gama."

Na ɗaga, na ƙwanƙwasa, na matsa. Shiru. Gumi na shiga idona. Na sauya gefe, na sake matsawa har kafaɗata ta ɗauki zafi. Can sai na ji ɗan ƙara, tas, tsohon giris ya ɓullo baƙi ƙirin, sabo na tura shi.

"Ya sha, Baba."

Ba a amsa ba.

"Na ce ya sha, tsohon rigima."

'Yar ce ta leƙo, hawaye a fuskarta. "Kawu," ta ce, "shigo."

Na jawo jiki na fito. A bakin ƙofa na tsaya ina neman abin goge hannu, ban samu ba. Na ture labulen da gwiwar hannuna.