Tarin Zeinabou

"Bar shi, Zeinabou, na fasa," in ji matar tela, ta janye kwanonta daga bakin tanda.

Zeinabou ta so ta ba ta amsa, tari ya riga ta. Busasshen tari ne, ba majina, ba zazzaɓi, amma in ya kama ta sai ta yi hawaye. Ta kau da kai, ta toshe baki da gefen mayafi, masa tana ƙonewa. Ina tsaye da nawa kwanon na ga mutum biyu sun bi bayan matar tela.

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da Zeinabou a unguwar Amarewat. Tun rasuwar mijinta, masar nan ce ke riƙe da ita da 'yarta Nafi. Ni kuwa Madam Ramata ake ce mini, na koyar a lakkol, makarantar boko, har na ajiye alli. Duk takardar Faransanci da ta shigo lungunmu, ƙofata take biyowa. Ba zan ɓoye ba, abin yana mini daɗi.

A shekarar ne wasu masu haƙar zinariya suka dawo daga Tchibarakaten da ciwon ƙirji, sai kowane tari ya zama tarin fuka a bakin mutane. An gwada Zeinabou a gidan likita, ba a ga komai ba. To wa zai bi gida-gida yana faɗa? Ƙullun masar da kan ƙare da hantsi ya koma kaiwa azahar, ya yi tsami a roba.

Ran nan da la'asar ta shigo wurina, ta zauna a bakin tabarma.

"Madam, ni dai na rasa ta kamawa. Na sha zuma, na sha citta, na sha rubutu. Mutane guduna suke kamar kuturwa."

"Yaushe ya soma?"

"Bayan ƙaramar Salla."

"Maganin tansiyon fa, na hawan jinin nan, yaushe manjon gidan likita ya ba ki?"

Ta yi lissafi. "Cikin azumi."

Na aika ta ta ɗauko kwalin. Captopril aka rubuta. Na zaro 'yar takardar da ke ciki, na bi ƙananan layukan, sai ga shi baro-baro: toux sèche, wato busasshen tari. Na buga cinya.

"Ga ɓarawonki, Zeinabou! Ƙwayar nan ce ke sa ki tari."

"To in koma wurin manjo?"

"Ki yi masa me? Kanki na ciwo?"

"A'a, ya daina."

"To kin warke. Ajiye ta."

Kwana goma tari ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Matar tela ta dawo da kwanonta, ko kunya babu. Zeinabou ta riƙa aiko mini da masar farko, mai zafi, tana gaya wa kowa, "Madam ta fi likita." Ni ma ban musa ba.

Wata huɗu muka yi haka. Wata safiyar Talata ina shara na ji Nafi tana kwarara kira. Na tarar da Zeinabou a kishingiɗe jikin bango, cokalin juya masa ya faɗi cikin toka, bakinta ya karkace. Ta dube ni tana son magana, harshen ya ƙi. Muka sa ta a adaidaita sai babban gidan likita.

A can na haɗu da manjon unguwarmu, ya zo duba wani. Ya ja ni gefe.

"Madam, wata huɗu ban gan ta ba. Tana shan maganinta?"

"Tari yake sa ta," na ce, muryata can ƙasa.

Ya dafe goshi. "Ai sananne ne. Akwai wani sinadari a jiki, ya fi yawa a huhu, shi ke haɗa abin da ke matse jijiyoyin jini. Ƙwayar ɗaure masa hannu take yi, jijiyoyi su saki. Amma shi ne kuma ke share wani abu mai ƙaiƙayi a maƙogwaro, shi ya sa wasu ke tari. Akwai wata ƙwayar da ba ta sa shi. Da ta dawo, minti biyar ne, in canza mata. Wa ya ce ta bari?"

Na dubi takalmana. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sau nawa na faɗa wa yara haka a aji? Rabin da na karanta daidai ne, ɗaya rabin ni na ƙara daga kaina.

Kwana uku Zeinabou ta yi ba ta ce uffan ba. Ran Juma'a da hantsi ta cika. Ni na zuba ruwa aka yi mata wanka.

Ranar sadakar uku mata suka cika tsakar gida. Matar tela ta dafa ni ta ce, "Allah ya saka miki, Madam. Ke kika raba ta da tarin nan, ta samu sauƙi kafin ta tafi." Aka amsa da amin. Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba, kuma har yau ban samu bakin gaya wa Nafi ba.

Bayan arba'in Nafi ta yi sallama a ƙofata, da kwalin magani a hannu. Jiri take ji, aka auna ta, aka ce ita ma jininta ya ɗan hau.

"Madam, ki duba mini. Inna ta ce in dai takarda ce, kar in tambayi kowa sai ke."

Ta miƙo. Ban karɓa ba.

"Tabarauna ya ɓace, Nafi. Ɗauko mayafinki mu je wurin manjo."

Tabaraun kuwa yana rataye a wuyana da igiyarsa. Ta dube shi, ta dube ni, sannan ta mayar da kwalin cikin leda a hankali, ta ƙulle bakin ledar.