Takun Yaya a Saman Rufi

A garin Masule gidaje hawa-hawa suke a jikin dutse, rufin wani shi ne tsakar gidan wani. Gidan Golnar ne a ƙasa, na ƙanwarta Mahtab a sama.

Ranar da yayansu Kambiz ya kawo matarsa daga Tehran ta ga garin kakanninsa, Golnar tana juya miyar rumman sai ta ji taku a saman kanta. Ta san wannan jan ƙafar. Dariyar Mahtab ta biyo baya, da ƙarar kofunan shayi. Wato can ya fara sauka!

Ta sunkuci tukunyar da zafinta ta hau matakala.

"Yaya Golnar, kin makara," in ji Mahtab tana murmushi. "Gidana ya zaɓa."

Golnar ta dire tukunyar a tsakiyar shimfiɗa, ta buga ƙafa a ƙasa.

"Gidanki? Wa ya yi yaɓen rufin nan bara? Yaya, a saman ɗakina kake zaune. Wanke hannu."

Kambiz ya dubi shayin, ya dubi miyar, ya ture kofin gefe. Mahtab ta shiga ɗauko cokula fuska a murtuke.