Ruwan Baftismar Baba Kwaji

Surukina Baba Kwaji bai tashi neman baftisma ba sai a watan Maris. Maris fa, a Mubi, lokacin da mayo, wato kogin garin, ya koma yashi zalla, mata na tona rami a tsakiyarsa suna jiran ruwa ya tsattsafo. Shekara da shekaru 'ya'yansa suna binsa da maganar, yana cewa su ƙyale shi da addinin da ya gada a kan dutsen Michika. Sai da ƙafafunsa suka kumbura, muka ɗauko shi zuwa gidanmu a Nassarawo, likita ya ja mijina Elkana gefe ya ce a ba tsoho duk abin da ransa ke so. A makon ne Baba ya kira mu ɗakinsa ya ce ya shirya.

A cocinmu ba a yayyafa wa mutum ruwa a ka. Durƙusawa ake yi a cikin ruwa, fasto ya nutsar da mutum gaba ɗaya sau uku. Shi ya sa ake tara masu baftisma sai damina ta zauna a kai su mayo. Fasto Joel ya zo ya duba Baba, ya fito tsakar gida ya rage murya ya ce, "Gaskiya ban ga alamar Baba zai kai damina ba." Yana magana yana leƙen bayan gida. Na san abin da yake kallo. Ramin Elkana yake kallo.

Elkana ya yi aikin sito a wani otal a Abuja har ya yi furfura. A can ya ga masu kuɗi suna kwance a bakin ruwa mai launin shuɗi, abin ya shiga ransa bai gaya wa kowa ba. Da aka ba shi kuɗin sallama, maza irinsa suka sayi shanu, wasu suka sayi gona a Maiha, shi kuwa ya kira magina suka haƙa mana wurin ninkaya a bayan gida, inda nake shuka yakuwa da kuɓewa. Shi yana ce masa ful, ni ina ce masa rami. Aka manna tayil, aka cika ruwa, 'ya'yan ɗanmu Derrick suka zo Kirsimeti suka yi ta facal-facal, Elkana ya zauna yana kallonsu bakinsa har kunne. Suka koma, suka bar mu da shi.

Ba wanda ya gaya mana cewa haƙar ita ce mai arha. Ruwan tanka ake saya, rana kuma kullum sai ta sha rabonta, ka kwanta ruwa yana bakin layi ka tashi ya sauka. Maganin da ake zubawa don kada ya yi kore sai an aika Yola. Akwai injin da ke tace ruwan, dole ya yi aiki kowace rana, wutar da za ta juya shi kuwa sai ta ga dama, saboda haka janareta, saboda haka fetur. Mangwaron maƙwabta da darbejiyarmu suna zuba ganye ba hutu. Ƙadangaru suna faɗawa su mutu. Kowace safiya zan ga babban mutum da gajeren wando da doguwar sanda mai raga yana kwasar shara a kan ruwan da ba mai shiga, don shi kansa iyakarsa wurin da bai wuce ƙugu ba. Ramin nan ya fi ɗan jami'a cin kuɗi, ga shi ɗan jami'a ko banza wata rana zai gama.

Ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone injin, na ce, "Baban Derrick, ko tukunya ko rami, zaɓi ɗaya." Ya zaɓi tukunya yana huci. Ruwa ya yi kore, gansakuka ta rufe tayil, kwaɗi suka tare, sauro ya samu gari. Ni har na fara tambayar yadda ake kiwon tarwaɗa. To wannan kwatamin ne Fasto Joel yake leƙe, ya ce idan za a iya gyara shi, shi a shirye yake.

Fanshon Elkana da ƙyar yake kai mu tsakiyar wata. Ni ce nake da buhunan wake da na saya a Maiha da kaka, na jibge a ɗaki ina jiran damina farashi ya tashi. Shi ne jarina, shi ne abin da nake taƙama da shi. Elkana bai roƙe ni ba, ya dai riƙa wucewa ta ƙofar ɗakin yana gyaran murya. Na kira dillali ya kwashe a farashin da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Na ji zafi ƙwarai. Amma tsohon nan shi ne ya tsaya mini lokacin da dangi suka ce Elkana ya ɗauko 'yar ƙabilar Gude, ya ce ai Gude ma mutane ne, su bar yarinya ta zauna. Ba zan zuba ido ya mutu da ƙishirwar abin da ya nema da bakinsa ba.

Muka kwashe ruɓaɓɓen ruwa da bokiti, matan zumuntar cocinmu suka zo da tsintsiya da omo muka goge tayil har hannuwanmu suka yi fari. Mai gyara ya sake naɗa wa injin waya. Magani ya iso daga Yola a motar haya. Mai tanka ya ga idonmu ya gane a matse muke, ya faɗi kuɗin da ya ga dama, ya yi sawu a kan sawu kafin rami ya ƙoshi. Da aka gama, ruwa ya kwanta garau, kana hango ƙasansa. Ko ni da nake gaba da shi sai da na ce ya yi kyau.

Da yamma ana gobe baftisma muka ɗauko Baba a kujera muka kawo shi ya gani. Ya daɗe yana kallo. Hausarsa ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinsa. Ya ce, "Wannan ruwa ba ya tafiya."

Elkana ya yi dariya ya ce, "Yana tafiya mana, Baba, tsaya ka gani." Ya ruga ya ja janareta, ya kunna injin. Ruwa ya fara motsi, yana fitowa ta wani ɗan bututu a jikin bango.

Baba ya ce, "Ina yake zuwa?"

Da Elkana ya yi shiru da an zauna lafiya. Amma an taɓo masa inda yake so. Ya tsuguna yana nuni da hannu: "Ka ga nan? Ta nan yake shiga, ya bi ta cikin injin, a tace shi, ya dawo ta can. Ko ɗigo ba ya ɓata. Ruwan yau shi za a tarar har Kirsimeti mai zuwa."

"Yana dawowa?"

"Yana dawowa, Baba."

"Mayar da ni ɗaki," in ji tsoho. "Ba zan shiga ba."

Aka kira Fasto Joel. Ya zauna bakin gado ya buɗe Littafi, ya yi bayani mai kyau, cewa ba ruwan ne ke wanke mutum ba, ruwa alama ce kawai. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gode, ya juya fuskarsa bango. Elkana ya fita yana faɗa shi kaɗai, wai an sa shi asara, kamar waken nasa ne. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, don numfashin Baba ya fara yin sama-sama, abincin rana ma bai taɓa ba.

Na dama kunun gyaɗa na kai masa. Na zauna a ƙasa na ce, "Baba, mene ne laifin ruwan?"

Ya sha cokali biyu ya ture. Ya ce, "Maman Derrick, ka ji. A dutse, in mutum ya taɓa abin da ba kyau, yana zuwa inda ruwa yake gudu. Ya wanke, ruwa ya ɗauka ya tafi. Ba a wanke a tulu." Ya huta, ya ci gaba. "Ni na daɗe a duniya. Na yi abu da yawa. Wani Elkana ya sani, wani ba wanda ya sani. Fasto ya ce zai fita a jikina, na yarda. To in ya fita, ina zai je? Zai zauna a wannan rami yana juyawa. Kirsimeti yaran Derrick su zo su shiga, su sha a baki."

Ban san ilimin Fasto ba, amma wannan na gane shi sarai. Na ce, "In ka fito aka buɗe ruwan ya tafi duka fa?"

Ya juyo ya dube ni. "Duka?"

"Duka, Baba. A gabanka."

"Ka yi alkawari?"

Na yi. Ina faɗa ina ganin buhunan wakena suna bin lambatu.

Washegari da hantsi 'yan coci kaɗan suka taru a bayan gida, matan zumunta suna waƙa a hankali. Elkana da Fasto suka riƙe Baba suka sauka da shi matakala zuwa wurin da ba zurfi. Ya durƙusa da ƙyar, ruwa ya kai masa ƙirji. Fasto ya yi masa tambayoyin, ya amsa da muryar da ban san yana da sauranta ba. Aka nutsar da shi cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Duk nutsarwa sai na riƙe numfashina har ya ɗago. Da aka fito da shi aka lulluɓe shi da zane, bai kula masu yi masa barka ba, ni yake nema da ido.

Na ce, "Baban Derrick, buɗe ruwan."

Ya ce, "Wane ruwa?"

Na gaya masa. Ya dube ni kamar na zautu. "Mairamu, kin san abin da ruwan nan ya ci?"

"Wakena ne, na fi ka sani. Buɗe."

Ya dubi ubansa yana rawar sanyi a kujera, ya dubi ruwa. Ya je ya juya kan bututun da ke fitar da ruwa waje, ya kunna injin. Baba ya ce a kai shi ƙofar gida.

Abin da ban yi tunani ba shi ne unguwa. Ruwa garau yana bulbulowa daga katangarmu yana bin lambatu, a watan da jarka ɗaya take gagarar mutane. Kafin mu ajiye kujerar Baba, mata sun fito da bokitai da robobi da tukwane, ana ture-ture a bakin bututu. Baba ya yunƙura zai tashi, yana cewa, "A'a, a'a, kar ya ɗiba!" Ba mai jin sa.

Na shiga tsakiyarsu na tare bututun da jikina, ina cewa su yi haƙuri. Wata ta ce, "Rowar har ta kai ku zubar a ƙasa ku hana mu?" Kunya ta rufe ni, don a ganinsu gaskiya ta faɗa. Fatimatu, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, ita ce a gaba, bokitinta ya kusa cika. Musulma ce, ban san ta inda zan fara mata bayani ba. Na ce, "Maman Nasrullahi, ruwan tuban tsoho ne. Yanzu aka wanke shi a ciki. Yana so ya ga ya tafi, kada ya shiga cikin kowa."

Ta dubi Baba. Ta dubi bokitinta, ta daɗe. Na san ranar ko na girki ba ta da shi. Sai ta karkata bokitin ta mayar da ruwan cikin lambatu, ta juya ta yi wa sauran magana da Fulatanci, da faɗa-faɗa. Aka yi gunaguni, wata ta yi tsaki ta tafi da nata. Sauran ɗaya bayan ɗaya suka juye.

Ba su watse ba. Suka tsaya a gefen hanya da bokitai a hannu ba komai a ciki, muka tsaya tare da su, ana kallon ruwa yana gangarawa yana tura leda da ɓawon gyaɗa, ya sha kwana wajen mai niƙa ya nufi mayo. An daɗe ana yi, rana ta take, ba wanda ya ce a shigar da tsoho inuwa don mun san ba zai yarda ba. Daga baya bututu ya fara tari, ya koma ɗigo, ya tsaya. Elkana ya fito daga bayan gida ƙafarsa jiƙe, idonsa ja.

Baba ya ce, "Ya ƙare?"

Elkana ya ce, "Ya ƙare, Baba. Na share har ƙasan da tsintsiya."

"Ba saura?"

"Ba saura."

Tsoho ya jingina da kujera ya sauke numfashi. Ya ce wa matan sun gode masa, yana nufin shi ya gode musu, aka yi 'yar dariya, Fatimatu tana goge ido da gefen hijabi. Sannan ya dube ni ya ce, "Maman Derrick, wannan kunu na jiya, akwai saura? Ina jin yunwa."

Na shiga na dama sabo, ya shanye kwano guda. Bai kai damina ba.