Shekarar da Ta Rage a Dutsen Milisav

Budimir ya tsufa a sana'ar sassaƙa duwatsun kabari, amma bai taɓa jin kunyar aiki ba sai ranar da kwamfutarsa ta yi masa tsiya. Ya bar ta a kunne ya tafi cin abinci, kafin ya dawo ta sabunta kanta, ba wanda ya aike ta. Tsohuwar manhajar da yake zana haruffa da ita ta daina buɗewa. Ya goge ta, ya ɗauko faifanta don ya sake ɗora ta, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Ya rarrashe ta, daga baya ya zage ta tas.

Ba don aikin gwauruwa Stamenka ba, da ya haƙura. Mijinta Milisav tun da ransa ya sa aka sassaƙa masa dutse, aka bar gurbin shekarar mutuwa, yadda kowa ke yi. Ranar Asabar zai cika shekara da rasuwa, dangi za su taru a kabari da limamin coci da dafaffiyar alkamar sadaka, ga gurbi har yanzu wayam. Salon rubutun kuwa Milisav ne ya zaɓa da kansa, wani mai lanƙwasa, kuma babu shi ko'ina sai a waccan manhaja.

Budimir ya nuna wa tsohuwar wani salo mai kama da shi. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Ɗana, faci za ka yi wa mijina? Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai yarda ya bambanta ba?"

Saura Gvozden, mai irin sana'arsa a tsallaken titi, wanda ba sa ga maciji da shi. Marowaci ne na ƙin ƙarawa, kwamfutarsa ba ta taɓa ganin intanet ba balle ta sabunta kanta, kuma Budimir ya daɗe yana yi masa dariya a kanta a gidan shan kofi. To, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ya cire hula ya tsallaka.

"Maƙwabci, kai ne a shagona?" in ji Gvozden. "Wa ya mutu?"

"Kwamfutata."

"Ashe 'yan zamani ma suna mutuwa. Ni da kake cewa in kai tawa gidan tarihi."

"Faɗi duk abin da ke bakinka, na cancanta. Dutsen Milisav ne, Asabar ake taro."

Da jin sunan, Gvozden ya bar tsokana. Ya yaye mayafin da ya lulluɓe kwamfutarsa, ya kunna ta. Ta yi nishi, ta yi gurnani kamar tsohuwar mota a kan tudu, sannan manhajar ta buɗe, ga salon Milisav yana nan lafiya lau. Budimir ya ji wani daɗi, ya jawo kujera ya zauna kusa da shi.

Tare suka yanka lambobin shekarar a jikin roba, tare suka je maƙabarta suka manna a dutse suka fesa yashi da inji, ya ci dutsen ta wurin yankan. Da suka ɓare robar, ka rantse rana ɗaya aka rubuta sabo da tsoho.

"Na gode, maƙwabci," in ji Budimir, da zuciya ɗaya. "Ban san bakin da zan gode maka da shi ba."

Stamenka ta daɗe tana shafa lambobin da yatsa, tana sa musu albarka. Sannan ta matsar da hannunta gefen dama na dutsen, inda aka rubuta nata sunan da shekarar haihuwarta, da ɗan fili a gaba.

"Gvozden," ta ce, "kada ka bari kowa ya taɓa tsohuwar kwamfutar nan taka. Ka lallaɓa min ita, ba zan sa ku jira da yawa ba."